Yadda ake gane dutsen laimiston da danginsa a ƙasar Katsina

A 'yan shekarun nan maganar ma'adinai ta shiga kowace majalisa. Manomi ya tono farin dutse a gonarsa wajen Kankara ko Musawa, ko mai haƙar rijiya ya fito da farar tsakuwa cikin guga a ƙauyukan Daura, nan take sai a ce ai dutsen siminti ne, a fara lissafin tirela nawa za a loda. Can kuma a kasuwa mai kiwon kaji yana sayen buhun farin gari da sunan laimiston don haɗa abincin masu ƙwai, ba shi da hanyar sanin ko abin da ke cikin buhun shi ne abin da ya biya kuɗinsa. Dukansu biyu fari suka gani suka yarda. Fari kuwa ba shaida ba ne. Mafi yawan fararen duwatsun ƙasarmu ba laimiston ba ne, shi kansa laimiston ɗin sau da yawa toka-toka ne, ko ruwan ƙasa, wani ma baƙi. Da lemun tsami da wuƙa da guduma ana iya raba wannan gardama cikin rabin sa'a, muddin an bi gwaje-gwajen a jere ba a tsallake ko ɗaya ba.

Abin da ake nema

Laimiston, wato dutsen farar ƙasa, a ƙarƙashin ruwa ya taru daki-daki. Akasarinsa a gindin teku marar zurfi mai ɗumi ya samu, inda kwanson halittun ruwa ke zuba, sabo kan tsoho, har nauyin na sama ya danne na ƙasa ya manne ya zama dutse. Sinadarin da ya yi shi sunansa kalsiyam kabonet, kuma ba baƙonmu ba ne. Shi ne a ɓawon ƙwai, shi ne a kwanson katantanwa da wuri, shi ne farin ɓawon nan da ke kama gindin butar mai shayi idan ta daɗe tana tafasa ruwan rijiya. Idan ya fito a matsayin ƙwaya mai sheƙi cikin dutse, masana na kiransa kalsait.

Yana da dangi. Akwai dolomait, wanda magniziyam ya shiga ya raba gurbi da kalsiyam a cikinsa. Akwai alli na asali mai laushi, da lakar da ta cakuɗe da laim, wato wannan sinadari na kalsiyam kabonet, da ƙulalan farar tsakuwa da ke samuwa cikin ƙasa a wuraren da ruwan sama ba shi da yawa. Akwai mabul, wanda asalinsa laimiston ne ko dolomait, zafi da matsin cikin ƙasa suka sake dafa shi. Ita ma kanwa 'yar dangin ce, sai dai kabonet ɗinta na sodiyam ne. Abu ɗaya ya haɗa su duka: idan tsami ya taɓa su sukan saki iskar kabon dayoksaid, ta fito a matsayin kumfa. Duk macen da ta taɓa zuba jiƙon kanwa a miyar da tsamin yakuwa ya yi wa yawa ta ga wannan kumfar da idonta. Abin da masana duwatsu ke dubawa a daji ke nan.

Kafin ka ɗaga guduma, ya kamata ka san irin ƙasar da kake tsaye a kai. Kudanci da tsakiyar jihar Katsina, daga Funtuwa da Malumfashi zuwa Dutsin-Ma da Batsari, a kan tsoffin duwatsu masu tauri suke zaune, irin su giranit da danginsa, waɗanda zafin cikin ƙasa ya samar. Arewa kuma, wajen birnin Katsina zuwa ƙasar Daura, a wurare da dama yashi da tsakuwa da laka ne suka lulluɓe waɗannan duwatsu, kuma koguna da iska ne suka kawo su. Manyan shimfiɗun laimiston na tsohon teku suna can yamma da mu a ƙasar Sakkwato, inda masana suka ƙiyasta cewa kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ya malalo ta cikin Sahara ya kwanta. Shi ya bar dutsen Kalambaina da masana'antar simintin Sakkwato ke ci, kuma a kwarin nan guda masana'antar simintin Malbaza ta Nijar take. A gabas akwai na Ashaka a jihar Gombe, a kudu akwai na Gboko da Nkalagu da Ewekoro, na Obajana a jihar Kogi kuwa mabul ne. Abin da aka fi sanin ƙasar Katsina da shi cikin fararen ma'adinai shi ne kawolin, wato farar laka, musamman na Kankara. Saboda haka idan ka tsinci farin dutse a nan, fara zaton ƙanƙara ce, wato farin dutsen ƙyasta wuta, ko kawolin, ko felsifa, wani ma'adini mai tauri da ke cikin giranit, sai gwaji ya nuna maka akasin haka.

Kayan aiki, da koya wa ido a gida

Ka tanadi guduma, da ƙaramar wuƙa ta ƙarfe mai kyau, da kwalbar lemo wadda babu komai ciki, da lemun tsami mai ruwa ko ruwan khal fari, da gorar ruwa, da ledoji da biro da takarda. Idan ka samu madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko waya, zai yi amfani ƙwarai. Tabarau ma dole ne, ko da na masu babur, domin ɓarɓashin dutse ido yake nema.

Masana suna amfani da asid ɗin haidirokulorik da aka sirka ya koma kashi 10 cikin 100. Ya fi lemun tsami da khal ƙarfi, kumfarsa ba ta ɓoyuwa. Idan kana son sa, nemi malamin kimiyya ko mai shagon kayan ɗakin gwaji ya sirka maka, ya zuba a 'yar kwalba mai ɗigo, a rubuta suna a jiki, a ajiye inda hannun yara ba ya kai. Wanda zai sirka ya sani cewa asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Ruwan batir kuwa kada ka kusance shi da wannan aiki. Yana ƙona fata da tufa, sannan yana yaudara: da ya taɓa laimiston sai ya yi masa wani ɓawo a fuska wanda ke tsayar da kumfar, ka ɗauka dutsen ba shi ba ne.

Wannan matakin da zan faɗa yanzu shi aka fi rainawa, ni kuwa ina ganin babu wanda ya fi shi. Kafin ka gwada dutsen da ba ka sani ba, gwada abin da ka sani. Wanke ɓawon ƙwai, ka bari ya bushe, ka daka kaɗan. Zuba garin a faranti, ka ɗiga lemun tsami, ka zuba ido, sannan ka kara kunne. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa ba ƙaƙƙautawa, ka kuma ji wani ɗan sauti siriri. Yi haka da kankararren ɓawon buta, yi da kanwa. Sannan ka yi da wankakken yashi, ka ga yadda babu abin da ke motsi. Idon da ya ga waɗannan huɗun ba zai ruɗe a daji ba. Kada dai ka yi gwajin da allin makaranta, domin da yawansa da jifsam, wani farin ma'adini mai laushi, ake yin sa, ba ya kumfa, sai ya sa ka zargi lemunka.

Duba wurin kafin dutsen

Dutsen da ka tsinta a kan hanya ko a gindin gada ba ya ba da labarin ƙasar wurin, wataƙila tifa ce ta zubar da shi. Nemi inda dutsen yake a mazauninsa: gaɓar rafi da rani, bangon kududdufi, inda aka yanka tudu don hanya, ko tarin ƙasar da masu haƙar rijiya suka fitar. Su masu haƙar rijiya ka girmama su ka tambaye su, don sun san a gaba nawa ake cin marmara, a gaba nawa ake cin farar laka, a ina dutse ke tsayar da aiki. Nemi izinin mai gona da mai unguwa, kada ka shiga ramin da bakinsa ya rufto, kada kuma dutse ya kai ka dajin da mutanen wurin suka daina shiga.

Abin da za ka duba shi ne kwanciyar dutsen. Laimiston na teku a shimfiɗe yake, hawa-hawa, wani kan wani, sau da yawa da siririyar laka a tsakani, kuma shimfiɗar takan yi nisa. Ƙanƙara kuwa jijiya take yi, ta ratsa cikin wani dutse a tsaye ko a karkace. Kawolin yakan fito ne inda giranit ya ruɓe, har ka ga ƙwayoyin yashi masu kaifi a cikinsa. Ƙulalan laim na cikin ƙasa a warwatse suke cikin laka, musamman baƙar lakar fadama, daga girman gyaɗa zuwa dunƙulen hannu.

Fasa shi ka ga ciki

Bayan dutse ya sha rana da ruwa da ƙura, ba a yanke hukunci da shi. Sa tabarau, ka fasa gutsure mai girman ƙwai, ka yi duk gwajin da ya rage a kan sabuwar fuskar. Dalili biyu ne. Ruwan sama yakan wanke laim daga bayan laimiston na gaske har ya daina kumfa. Haka kuma ruwan ƙasa yakan shafa wa giranit ko dutsen yashi siririn farin ɓawon laim, bayan ya yi kumfa alhali cikin babu komai. Goge ƙurar, ka tabbata fuskar a bushe take, ka duba ta a hasken rana.

Gwajin karta

A shekarar 1812 wani masani Bajamushe mai suna Mohs ya jera ma'adinai bisa taurinsu daga 1 zuwa 10, har yau da ma'auninsa ake aiki. Jifsam yana kan 2, farcen mutum wajen 2.5, kalsait 3, dolomait tsakanin 3.5 da 4, wuƙa da kwalba wajen 5.5, felsifa 6, ƙanƙara 7. Na sama yana kartar na ƙasa.

Fara da farce. Idan farcenka ya yi rami a jikin dutsen ko ya kankaro gari, to kana riƙe da abu mai laushi: kawolin, ko jifsam, ko alli, ko laka mai laim. Idan farce ya kasa, sa bakin wuƙa ka danna ka ja. Laimiston da dolomait da mabul duk wuƙa na cin su, ta bar tsaga da farin gari a gefe. A nan akwai tarko. A kan ƙanƙara wuƙa takan bar layi mai launin toka mai ƙyalli, mutum ya ce ta karta, alhali ƙarfen wuƙar ne ya goge a jikin dutsen. Shafa layin da jiƙaƙƙen yatsa, ka bi shi da farce. Idan ya goge kuma babu rami, dutsen ya fi wuƙa tauri. Daga nan juya gwajin: riƙe kwalba da kyau ka goga kaifin dutsen a jikinta. Dutsen da ya tsaga kwalba, ko dai ba laimiston ba ne, ko kuma laimiston ne mai yashi a ciki.

Mutane da yawa a wannan mataki labarinsu ke ƙarewa, domin farin dutsen nan mai sheƙi da ya cika gonakinmu ƙanƙara ce, wadda kakanni ke ƙyasta wuta da ita. Kama da wane ba ta wane.

Gwajin tsami

Kafin tsami, ɗiga ruwa zalla a wani gefe na dutsen. Busasshen dutse mai ƙofofi, irin marmara ko kawolin ko dutsen yashi, idan ya sha ruwa yakan fitar da iskar da ke cikinsa, ka ga 'yan kumfa sun taso na ɗan lokaci sun tsaya. Idan ka ga haka da ruwa, to kumfar da za ka gani da lemu ba ta zama hujja ba sai ta fi wannan yawa da daɗewa.

Yanzu ɗiga lemun tsami ko khal, ɗigo biyu, a sabuwar fuska. Da asid na masana, laimiston tafasa yake yi nan take. Da lemu ko khal abin a hankali yake zuwa, sai ka jira minti ɗaya ko biyu kana kallo da madubi. Idan da lemu ko khal kake aiki kana iya kara dutsen a kunne, amma da asid mai ƙarfi kada ka kai shi kusa da fuska.

Ko ka ga kumfa ko ba ka gani ba, kada ka tsaya nan. Kankare fuskar da wuƙa har gari ya taru, ka sake ɗigawa a kan garin. Wannan shi ke raba laimiston da dolomait. Laimiston yana kumfa a dunƙulensa, garinsa kuma ya fi yi. Dolomait a dunƙule shiru yake yi ko ya ɗan motsa da ƙyar, sai an mai da shi gari sannan kumfa ta fito, ita ma a sanyaye. Idan da khal kake gwada garin da kake zaton dolomait ne, ɗan ɗumama khal ɗin, ka ba shi lokaci. Ka maimaita a wuri uku ko huɗu a jikin dutsen, domin wani dutsen siririyar jijiyar kalsait ce kawai ta ratsa shi, ita ke kumfa, sauran jikin ba ya yi.

Game da yin gari, akwai gargaɗin da ba na son a wuce shi. Kada a daka dutse a turmin gida, kada a kai shi injin niƙan hatsi, kada a yi a tsakar gida inda yara ke wasa, kada kuma a ɗanɗana da harshe. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan Zamfara, sanadin niƙa duwatsun zinari a cikin gidaje. Dutsen da ba ka san shi ba, ba ka san abin da ke tare da shi ba. Garin da ya cika bakin wuƙa ya isa gwaji, a yi shi a waje, a wanke hannu.

Haɗa sakamakon biyu

Karta ita kaɗai ba ta isa ba, tsami shi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa. Wuƙa ta ci, kumfa ta tashi a dunƙule: laimiston ne ko mabul. Wuƙa ta ci, kumfa sai a gari: dolomait. Farce ya ci, ya yi kumfa sosai, yana bar maka fari a yatsa: alli ne, idan kuma ya jiƙa ya yi danƙo ya bar taɓo, laka ce mai laim. Farce ya ci amma babu kumfa: idan ka jiƙa shi ya yi santsi ya mulmulu a hannu yana ƙamshin sabuwar tukunya, kawolin ne, idan kuwa yana da sheƙi ko zare-zare kuma ba ya mulmuluwa, jifsam ne, wanda ake filastar silin da shi. Ya yi kumfa kuma ya tsaga kwalba: mai yiwuwa dutsen yashi ne da laim ya manne ƙwayoyinsa, za ka gane idan ka jiƙa gutsure a khal ya kwana ya wargaje ya bar yashi. Abin da ya yi kumfa kuma ya narke a ruwa zalla, kanwa ce, domin laimiston ko ya kwana a ruwa yana nan yadda yake. Idan kuma fari ne, wuƙa na cin sa, babu kumfa ko a gari, amma nauyinsa ya ba ka mamaki, ka yi zaton barait, wanda ya ninka laimiston nauyi fiye da sau ɗaya da rabi.

Akwai wani abin da ke ruɗa mutane a kangaye da tsoffin gine-gine: gutsuren kankare da tsohon filasta su ma suna kumfa, tunda daga laimiston aka yi simintin. Duba ko akwai tsakuwa iri-iri a manne a ciki.

Idan ya yi kumfa, wanne ne daga ciki?

Jiƙa fuskar da ruwa ka sa madubi. Idan ka ga gutsattsarin kwanso, ko zanen katantanwa a naɗe, ko hoton wata halitta a jikin dutsen, to akasari laimiston ne na teku, irin wanda Kalambaina ta shahara da shi. Irin wannan dutse kada ka farfasa shi duka, ajiye mafi kyawun gutsuren, domin da waɗannan burbushin halittu masana ke gane zamanin dutse. Wani laimiston ɗin za ka gan shi cike da ƙananan ƙwayoyi masu zagaye da ba su wuce ƙwayar gero ba. Wani kuma sumul yake, ba ka ganin ƙwaya ko da madubi, idan ya fashe bakinsa ya yi kaifi.

Mabul daban yake. Ƙwayoyinsa sun sarƙe da juna suna ƙyalli kamar ƙwayar sukari, babu burbushin halitta ko ɗaya, kuma a cikin tsoffin duwatsu masu tauri ake samun sa, ba a shimfiɗar laka da yashi ba. Tunda irin waɗannan duwatsu ne suka fi yawa a ƙasarmu, dutsen da ya yi kumfa a kudancin jihar ya cancanci a duba shi da wannan ido. Kalsait zalla kuma, wanda ke cika tsagar duwatsu, idan ka fasa shi yakan rabu gida-gida masu fuska sumul a karkace, kowane gutsure da siffar ɗan'uwansa. Idan ka dace da mai haske garau, ɗora shi a kan rubutu za ka ga kowane harafi ya zama biyu.

Ƙulalan cikin ƙasa su ne aka fi cin karo da su a nan arewa. Ruwa ne ya narkar da laim ya sauka da shi cikin ƙasa, zafin rani ya busar da ruwan, laim ɗin ya daskare. Suna kumfa sosai, amma cikinsu cike yake da yashi da laka, kuma kaurinsu ba ya yin nisa. Wanda ya gan su a rijiya ya yi zaton ya hau kan shimfiɗa irin ta Sakkwato zai sha wahalar banza.

Nawa ne laim, nawa ne datti

Wannan gwaji ya fi amfanar mai saye. Ari ƙaramin sikeli mai lamba irin na masu sayar da gwal. Auna giram 10 na busasshen garin, ka zuba a kwalba mai faɗin baki, ka riƙa zuba farin khal kaɗan-kaɗan har rabin lita. Kada ka rufe bakin kwalbar, iskar tana buƙatar hanyar fita. Ka riƙa motsawa lokaci-lokaci, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu, har ya zama ko ka ƙara sabon khal babu kumfa. Bari ya kwanta, tsiyaye ruwan a hankali, ɗauraye abin da ya rage, shanya shi ya bushe ƙayau, ka sake aunawa. Abin da ya rage shi ne yashi da laka. Idan ya haura giram 5, dutsen bai cancanci sunan laimiston ba, domin sai kabonet ya wuce rabi ake kiransa haka. Idan bai kai giram 1 ba, kayan na da kyau.

Mai kaji ya ƙara lura da saurin kumfar. Garin da ya narke amma a sanyaye, da jan lokaci, yana iya zama dolomait, shi kuwa ba a son sa a abincin masu ƙwai, saboda kalsiyam ɗinsa bai kai ba, magniziyam ɗinsa kuma ya yi yawa. Laimiston tsantsa kashi 40 cikin 100 na nauyinsa kalsiyam ne, dolomait kuwa wajen kashi 22. Buhun da aka sirka da kawolin ko garin ƙanƙara zai tona kansa a gindin kwalba.

A maƙera

Idan kana son ƙarin tabbaci, kai wa maƙeri gutsure mai girman goro, busasshe sarai, domin jiƙaƙƙen dutse yakan fashe a wuta. A binne shi cikin garwashi a yi ta zuga har ya yi jawur, a riƙe shi a haka kamar rabin sa'a. Laimiston yana sakin iskarsa idan zafi ya kai wajen digiri 900. A fitar da shi da awartaki, a bari ya huce a kan ƙasa. Za ka ji ya yi sauƙi, domin a lissafi kilo 100 na laimiston tsantsa kilo 56 yake komawa. Ka ja baya, da tabarau a idonka, ka ɗiga masa ruwa kaɗan. Idan laimiston ne zai yi zafi da kansa, ya yi huci, ya kumbura ya ruguje ya zama farin gari. Wannan ita ce farar ƙasar da ake shafe bango da ita. Jefa ɗan garin a ruwan zoɓo marar sukari, za ka ga jan ya juye ya koma kore mai duhu. Ƙonannen laim yana cin fata, a ido kuwa yana iya makantarwa, don haka kada a taɓa shi da hannu, kada yara su tsaya kusa. Ƙanƙara sai dai ta tsattsage, kawolin kuma ƙara tauri yake yi.

Bayan gwajin gida

Duk abin da ya gabata suna kawai yake ba ka. Daraja kuwa sai an san tsabtar dutsen da yawansa. Auna kaurin shimfiɗar, ka bi ta ka ga iyakar inda take fitowa, ka lura da yawan ƙasar da ke kanta. Masana'antun siminti a kan dutsen ake gina su saboda miliyoyin tan suke ci, kuma ba sa son mai magniziyam da yawa, don yakan sa siminti ya kumbura bayan ya kama. Ƙaramin wuri mai tsabta yana iya samun kasuwa wajen masu abincin kaji, da masu fenti, da masu haɗa takin zamani.

A tsarin mulkin Najeriya da dokar ma'adinai ta 2007, duk ma'adinin da ke cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko da a gonar gadonka yake. Haƙa don sayarwa sai da lasisi daga ofishin rajistar wuraren haƙar ma'adinai da ke Abuja. Kada ka sa hannu a takardar wani dillali kafin sakamakon ɗakin gwaji ya zo hannunka.

Wajen kai samfuri, kada ka zaɓi mafi kyawun gutsure kaɗai. Ɗebo daga sama da tsakiya da ƙasan shimfiɗar, da kuma wurare daban-daban, kowanne kamar rabin kilo, a ledarsa daban. Rubuta sunan ƙauye da zurfi da kwanan wata, ka ɗauki lambobin wurin da taswirar wayarka, ka ɗauki hoto da guduma a gefe don a gane girma. Ka raba kowane samfuri biyu ka ajiye rabi a wurinka. Ana iya kaiwa ɗakin gwajin Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya da ke Kaduna, ko sashen nazarin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ka ce a auna maka kalsiyam oksaid, wato ƙonannen laim, da magniziyam oksaid, da silika, wato sinadarin yashi, a ba ka a rubuce. Kalsiyam oksaid na laimiston tsantsa kashi 56 ne cikin 100, da wannan lambar za ka gwada taka.